Tiyar Kawu Tanimu

A shekarun da Yelwa take cikin Jihar Sakkwato, lokacin da gwamnatin soja ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, akwai wata mata a unguwar bayan tasha mai suna Barakatu. Mijinta, Malam Shu'aibu, malamin firamare ne. An tura shi wani ƙauye can wajen Shanga, saboda haka ba ya kwana gida sai Juma'a da Asabar. Ran Lahadi da la'asar, kafin ya tafi neman mota, sai ya ajiye mata naira ashirin da biyar a kan murfin samira. Kuɗin cefanen mako ke nan na mutum shida: ita, da 'ya'yanta huɗu, da Inna mahaifiyar Malam. In ya dawo ya zama na bakwai.

Shekara uku ke nan kuɗin ba su ƙaru ba, don albashin ma bai ƙaru ba. Kasuwa kuwa ba ta jira kowa ba. Tiyar dawa da Barakatu ta saba saye sule takwas ta kai naira ɗaya da rabi, kuma tiya takwas take aunowa duk mako. Ɗan abin da ya rage a hannunta shi zai sayi mai da gishiri da kayan miya da itace da sabulu da kananzir.

Babu dabarar da ba ta yi ba. Nama ta daina saye sai ran Juma'a, shi ma na naira ɗaya, don Malam ya gani a kwanonsa. Sauran kwanaki warangi take sayowa, ƙananan kifin nan da masunta ke shanyawa a bakin ruwa, ta daka su ta zuba a miya. Ba ta shiga layin 'yan tumatir sai rana ta yi sanyi, lokacin da masu kaya suka ƙosa su tafi gida. Ta kwaso wanda ya fara laushi, ta yayyanka ta shanya a kan rufin ɗaki. Bayan madafi, inda ruwan wanke-wanke ke bi, ta shuka yakuwa da kuɓewa. Sandar sabulu da zare take yanka ta gida shida, ta bar ta ta bushe don kada ta narke da wuri. Shayi kuwa ya fita daga gidan gaba ɗaya. Duk da haka, ran Alhamis sai ta ji farcenta yana kartar gindin tukunyar gari.

Abu ɗaya ne ba ta da ikon taɓawa. Tun farkon aurensu Malam ya kafa doka cewa hatsi wurin Kawu Tanimu za a saya. Kawu Tanimu ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da rumfa a layin 'yan hatsi, kuma shi ya riƙe karatun Malam bayan rasuwar mahaifinsa. Mutum ne mai yawan fara'a, ba ya ganin Barakatu bai tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu ba.

Wata Juma'a Malam ya dawo a gajiye, mota ta ɓaci musu a hanya. Barakatu ta kai masa tuwo malmala biyu ƙanana. Ya buɗe kwanon, ya duba, ya rufe.

"Wannan na waye? Na Bello?" Bello shi ne autansu, shekararsa uku.

"Naka na, Malam. Gari ya ƙare tun jiya. Wanga ma sai da na kakkaɓe tukunya."

"Tiya takwas, Barakatu. Gidan maƙwabcinmu Malam Lawali su takwas ne, tiya takwas suke auna, ta kai su Lahadi. Ku mutum shida, huɗu ma yara ne, kin cinye ta ran Alhamis. Ina hatsin yake zuwa?"

"Cikin ɗiyanka yaka zuwa."

"Ko dai Birnin Yauri yake zuwa?"

A Birnin Yauri mahaifiyar Barakatu take, tsohuwa ce mai ciwon ƙafa. Barakatu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a baya. Ta waiwaya ta dubi Inna, wadda ke zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana tsinke zogale. Inna ba ta ɗago kai ba.

"Malam, ɓarauniya kaka ce min? Gaban Inna?"

"Ban ce ba. Tambaya na yi."

"Shekara goma sha ɗaya ina gidanga. Ka dubi zanen da ke jikina, ka dubi hannuna. Rabona da tsokar nama tun Sallah, ita ma guntun hanji ta. Ni ka cin ƙanzo kullum don kwanonka ya cika ran Juma'a. Yau ka buɗe baki ka ce ina sata in kai ma uwata?"

"Ki rage murya, maƙwabta na ji."

"Su ji! Ai sun daɗe suna jin turmina yana daka warangi!"

Ta shige ɗaki ta saki labule. Har ya koma ran Lahadi ba ta ƙara ce masa komai ba, ban da gaisuwar safe da ta zama dole. Kuɗin da ya ajiye a kan samira suka kwana a nan ba ta taɓa su ba.

Maƙwabciyarta, wadda katanga ɗaya ta raba su, ana kiranta Mariyamu. Bagungiya ce, daga gungu, wato tsibiran cikin kogi, Kirista, mijinta na aikin gadi. Ta ji faɗan kamar yadda kowa ya ji, amma ba ta tayar da maganar ba. Da safen Litinin ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Barakatu, ki daina surfe. Mu a gungu, in shekara ta yi tsanani, da dusarta muke niƙa dawa. Ki sheƙe ta kawai ki kai inji. Tuwon zai yi duhu, yara za su yi mita kwana biyu, amma ba abin da zai tafi bakin akuya."

Barakatu ta ga babu laifi ta gwada. A da, gida take kawo dawar ta riƙa surfa kaɗan-kaɗan, ta wanke, ta kai niƙa. Ran nan sai ta ɗauki buhunta ta nufi kasuwa da niyyar daga rumfar Kawu ta wuce inji kai tsaye.

Kawu Tanimu ya tarbe ta da murna kamar kullum. Ya tambayi Inna, ya tambayi 'yarta Hawwa da makaranta, ya tambayi Bello. Ya riƙa cika tiya yana tara mata tsini yana juyewa a buhu, yana ƙirgawa da ƙarfi har takwas. Sannan ya damƙo hannu guda ya watsa a kai.

"Ga gyara, ɗiyata. Ki gaida mutanen gida."

Mai injin niƙan unguwar wani dattijo ne, Ɗangana, wanda gari ya yi wa fari fat har gira. Sule ɗaya yake karɓa kan kowace tiya, kuma da kwanonsa yake aunawa kafin ya zuba a inji. Ya auna dawar Barakatu cikin daro, ya miƙo hannu.

"Bakwai ta, ita ma ba ta cika ba. Kawo sule bakwai."

"Takwas ta, Baba."

"Bakwai."

"Yanzun nan anka auna min, ina tsaye. Har da gyara."

Ɗangana ya yi dariya. "Baiwar Allah, in takwas ta ai ni ad da riba. Tun da nike aikin ga ban taɓa ganin mai gardama don a ƙara mata kuɗɗi ba. Zo ki auna da hannunki."

Ta durƙusa ta auna da kanta, a hankali, tana tara tsini yadda Kawu ke yi. Shida suka cika. Ta bakwai ta tsaya ƙasa da baki da kamar yatsu biyu. Ta juye ta sake. Haka dai. Ta duba buhun ko ya huje, ta ga lafiyarsa lau.

"Wurin wa kinka auno?" in ji Ɗangana.

"Wurin Kawu Tanimu."

Dattijon ya juya ya shiga taɓa bel ɗin injin, alhali ba abin da ya same shi. Wata mata da ke jiran layi ta kau da kai. Barakatu ta dube su duka biyu, ta gane cewa ita kaɗai ce ba ta sani ba.

Ta tsaya a wurin. Shekara nawa? Duk mako tiya guda da ɗoriya. Ta tuna daren Alhamis ɗin da take dama wa yara kunu tsararo ta ce musu tuwo bai yi ba yau. Ta tuna yadda ta riƙa zargin hannunta, tana cewa ko surfenta ne ya yi yawa. Ta tuna fuskar Malam lokacin da yake cewa Birnin Yauri.

"Baba, ara min tiyarka."

"Ɗiyata, ki bi a hankali. Surukinki na."

"Ara min."

Ta mayar da dawar buhu, ta ɗora a ka, ta riƙe tiyar Ɗangana a hannu. Ba ta san yadda ta ratsa layin 'yan albasa da na 'yan kifi ba. Ta iske Kawu yana auna wa wata tsohuwa gero. Ta sauke buhun a gabansa har ƙura ta tashi.

"Lafiya, ɗiyata? Kin yi mantuwa?"

"Kai kay yi mantuwa, Kawu. Auna min wagga dawa da tiyag ga."

Murmushin bai bar fuskarsa ba, amma idonsa ya sauya. "Tiyar wa ta?"

"Ta Ɗangana mai inji. Auna."

"Haba, Barakatu. In akwai magana, gida aka yin ta. Tahi, ina nan zuwa da marece."

Ba ta jira ba. Ta kai hannu ta fizge tiyar da ke hannunsa, geron tsohuwar ya zube, ta kifa ta. Gindin kwanon an bubbuge shi da guduma ya lotsa ciki, an goge shi sumul yadda daga sama ba mai ganewa. Can bayan buhuna kuma ta hango wata tiya, babba, mai faɗin baki, wadda yake auna hatsin mutanen ƙauye da ita in sun kawo masa sayarwa. Ta jawo ta ita ma ta ɗaga su sama, ɗaya a kowane hannu.

"Jama'a ku zo ku gani! Ga ta saye, ga ta saidawa!"

Kafin ka ce me, layin ya cika. Tsohuwar mai gero ta shiga salati tana tafa hannu. Barakatu ta cika tiyar Kawu da dawa ta juye a ta Ɗangana, kowa ya ga inda ta tsaya.

"Ɗiyan ɗan 'yar'uwarka kaka cuta, Kawu! Yayarka da kunka sha nono guda, ita kaka rage ma tuwo! Kana tambayata Bello, kana tambayata Hawwa, kana zare musu loma daga baki! Ka watsa min hannu guda ka ce gyara!"

"Ke, ki iya bakinki!" Yanzu kam fara'ar ta tafi. "Wa ab ba ya yi a layin ga? Kin san nawa nika sawo buhu? Kin san kuɗɗin mota? Ni nir riƙe mijinki har ya zama mutum!"

"To ka gama karɓar ladanka daga cikin ɗiyanai!"

Wasu 'yan hatsi suka taso suna ba ta haƙuri, wasu kuma ta lura suna tura kwanoninsu ƙarƙashin buhu da ƙafa. Kawu ya ɗebo dawa da tiyar Ɗangana, ɗaya da rabi, ya antaya mata a buhu.

"Ɗauki ki ba ni wuri. Mara kunya."

"Wanga na yau na. Na sauran shekaru, kai da Allah."

Ta ɗauki buhunta. Lotsattsiyar tiyar ma ba ta mayar masa ba, ta tafi da ita.

Labari ya riga ta isa gida. Ta tarar da Inna tsaye a tsakar gida, gyale a kafaɗa.

"Mi nika ji, Barakatu? Ƙanena kinka tara ma kasuwa?"

Barakatu ta miƙa mata kwanon. Inna ta karɓa ta juya shi, ta bi gindin da yatsa, ta sake bi. Ta daɗe a tsaye. Daga nan ta shiga ɗaki da shi. Ranar ba ta ci abincin rana ba, na dare ma aka ɗauke kwanon yadda aka kai shi.

Ran Juma'a tun a tasha dangi suka tare Malam Shu'aibu suka cika masa kunne. Ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba, ya jefar da jakarsa.

"Barakatu! Ashe haukarki ta kai nan? Kawuna? A tsakiyar kasuwa? Da wane ido zan dube shi?"

Tana tankaɗe a bakin madafi. Ba ta tashi ba. "Da idon da kad dube ni ran Juma'ar da ta wuce."

"Ko ma me ya yi, ba sai ki jira in dawo ba? Ba sai a yi maganar a cikin gida ba?"

"Kai ka jira? Ka bincika kahin ka ce min ɓarauniya? Shi da anka kama da kwano a hannu, shi ad da mutuncin da za a rufe. Ni da ban ɗauki ƙwara guda ba, ni ba ni da shi."

"Gobe za ki shirya mu je ki ba shi haƙuri."

Ta ajiye rariyar. "Wallahi, Malam, ƙafata ba ta taka gidan Kawu. In takarda za ka ba ni, ba ni yanzu, rana ba ta faɗi ba, ina samun motar Birnin Yauri."

Sai ga Inna ta fito da kwanon. Da yake Malam ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. Ta ce, "Kai, zamna." Ya zauna a kan turmi. Ta ajiye masa tiyar a cinya, a kife. Ya duba, ya shafa gindin.

"Ba inda za ta," in ji Inna. "Tanimu ni nig goye shi, ni za ni wurinai, ba ita ba." Sannan ta juyo wajen Barakatu, amma ba ta haɗa ido da ita ba. "Maganar Birnin Yauri kuma, ba daga bakinai ta hito ba. Ni nis sa mai ita a kunne. Na ga gari na ƙarewa, na ga kin tahi gida da ƙullin kaya da Sallah, nac ce ya tambaye ki."

Barakatu ta miƙe tsaye, gari na zuba daga zanenta. Wannan ta fi ta Malam zafi. Ita ke dafa wa tsohuwar nan ruwan wanka, ita ke tsame mata 'yar tsokar kifi daga miya ta ɓoye a gefen kwano kada yara su gani.

"Ƙullin kaya? Tsohon zanena na, Inna, da kuɓewa busassa da nis shuka da hannuna. Da kin tambaye ni da na kwance miki shi."

"Na yi kuskure. Ki yafe min."

"Allah ya yafe muna," in ji Barakatu. Iyakar abin da ta iya cewa ke nan, kuma a ranta ba ta kai ga yafewar ba tukuna. Ta koma ta ɗauki rariyarta.

Washegari Inna ta yafa gyale ta tafi gidan ƙanenta ita kaɗai. Ba wanda ya san abin da suka faɗa wa juna. Ta dawo idonta jajur, kuma daga ranar Kawu Tanimu bai sake tako gidan ba. Dangi suka rabu biyu. Wasu suka ce Barakatu ta yi daidai, mafi yawa suka ce ko da gaskiyarta ba matar ɗa ce za ta tona wa surukinta asiri ba. Da aka yi bikin ɗiyar Kawu bayan kaka, ba a aiko mata goro ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Hatsi kuwa ta sake masa hanya. Mariyamu ta kai ta bakin ruwa, inda jiragen kwale-kwale ke sauke kaya daga gungu da ƙauyukan Ngaski da sassafe, kafin dillalai su kwashe. Su biyu da matar Malam Lawali suka riƙa haɗa kuɗi suna sayen buhu guda daga hannun manomi, su raba da tiyar da Barakatu ta sayo sabuwa ta gwada da ta Ɗangana. A nan take samun albasa da itace da warangi da sauƙi fiye da cikin kasuwa. Gari ya riƙa kaiwa Lahadi. Ba wai an wadata ba ne, don kafin shekara ta zagayo farashi ya sake tashi, naman Juma'ar ma sai da ya fita. Amma ba a ƙara kwana da kunu ba.

Malam Shu'aibu bai ba ta haƙuri ba. Abin da ya yi shi ne, duk Asabar ɗin da za a sayo buhu sai ya fito da kekensa ya bi su bakin ruwa, ya ɗaura buhun a baya ya turo har gida, abokansa na yi masa dariya. Wata Asabar suna hawowa daga gaɓa, Mariyamu ta yi gaba, su biyu suka rage a baya. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Barakatu, maganar nan da na yi miki kwanaki..."

Ta ci gaba da tafiya, daurin itace a kanta, ba ta dube shi ba.

"Riƙe keken da kyau, Malam," ta ce. "Buhu na zamewa."

Ya tsaya ya gyara igiyar, sannan ya turo ya biyo ta.